Ɗakin Haɗi a Gidan Dokta

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da nake ɗinki da ɗakin baya na gidan Dokta, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba. Saboda haka na san tarin Goggo kamar yadda na san ƙarar kekena. Da farko tari ne irin na kowa, ta yi biyu ko uku ta yi shiru. Daga baya ya koma in ta fara ba ta tsayawa, har sai na ɗage ƙafa daga kan keke na jira na ji ta ja numfashi, sannan hankalina ya kwanta in ci gaba da aiki.

Dokta ba likita ba ne, ko allura bai iya yi ba. Karatun sinadarai ya yi har ya ƙure shi, shi ya sa ake kiransa haka. Aikinsa a kotu yake. In tukunyar gas ta fashe ta ƙona mutum, ko man shafawa ya saɓule wa mace fata, ko wani kamfani ya ce an sace masa haɗin da shi ya ƙirƙiro, alƙali ba ya gane kan abin, lauyoyi kuwa baki kawai gare su. Sai a kira Dokta. Ya je ya ɗebo abin a kwalba, ya auna a ɗakin gwaji, ya zo ya rantse ya gaya wa kotu abin da ya faru da wanda ya yi sakaci. An ce in ya buɗe baki, lauyan ɗaya ɓangaren tattara takardunsa yake farawa. Unguwa na ji da shi ƙwarai.

Goggo ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansa da 'yarta guda, Dokta ya sa yarinyar a makarantar kwana. 'Ya'yansa ne suka fara ce mata Goggo, sunan ya bi ta, har mu da muka girme ta muka ɗauka.

Matar Dokta kuwa Madam muke ce mata, don ta fi son haka. In ka ji tana ba da labarin sana'arta sai ka ce masana'anta gare ta: sabulun ruwa, ruwan bilic na wanki, da ruwan wanke banɗaki mai asid. Dokta ne ya koya mata haɗin, shaguna da otal-otal suna saye. Sai dai ni ban taɓa ganin hannun Madam a cikin bokiti ba. Hannunta waya yake riƙewa. Mai haɗin Goggo ce.

Na sha shiga ɗakin. Durom biyu ne na roba, buhun garin kulorin na haɗa bilic a kusurwa, jarkokin asid a jikin bango, sai dogon katako na juyawa da mazurari da tulin robobi. Kayan da ake haɗawa iri uku ne, durom kuwa biyu, don haka bilic da mai asid karɓa-karɓa suke yi a durom ɗaya. Dokta ya ce a riƙa wanke shi tas kafin a sauya, amma famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, Madam kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa masu otal na jira. In ragowar bilic ta gamu da asid, wani hayaƙi ne yake tashi mai yaji, wanda yake kama maƙogwaro tun kafin ido ya gan shi. Da can abin da sauƙi, domin akwai babbar taga da ta buɗe kan lungu, da fanka a kusa da ita.

Kotu ce ta rufe tagar. A wata shari'a da Dokta ya ba da shaida a kan wani kamfanin kayan wanki, lauyan kamfanin ya tambaye shi, yana kan rantsuwa, ko shi ko iyalinsa suna da hannu a irin wannan sana'a. Dokta ya ce babu. Sana'ar Madam kuwa ba rajista, ba izinin kowa. Ranar ko takalmi bai cire ba ya aika a kira kafinta. Ina zaune na ji ana buga ƙusa. Aka toshe tagar da katako, aka kwance fankar saboda tana hura wari waje, aka ce in ana haɗi a riƙa jawo ƙofa. Wai lauyoyi sukan aiko mutane su shinshina gidan mai shaida, kuma in aka kama shi da ƙarya sau ɗaya, duk shaidar da ya taɓa bayarwa ta rushe. Ya ce na ɗan lokaci ne.

Goggo ce ta ba ni wannan labarin ranar da ta kawo min zannuwanta gyara. Duk sun yi fari-fari, sun ɓule. Na sa allura, zare ya ƙi kamawa, yadin yana yagewa a hannuna don ya riga ya ruɓe. Na dube ta. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, fatar yatsunta ta tsattsage, muryarta ta dishe.

Na ce mata, “Abin da ya yi wa yadi haka, me kike tsammani yake yi wa ƙirjinki?”

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce Anti, wato Madam, ta saya mata takunkumi, irin na takarda, kuma Yaya ya ce za a buɗe tagar in abubuwa sun lafa.

Abubuwa ba su lafa ba, ciniki ne ma ya ƙaru. Goggo ta daina iya hawa matakalar wurin shanya sai ta huta a tsakiya. In tana magana sai ta yanke zance gida biyu ta nemi iska. Ta daina jin ɗanɗanon abinci, har yaran gidan suna tsokanarta wai Goggo ta mance inda ake ajiye gishiri. Na yi wa Madam magana, ta ce mura ce, kuma danginsu Dokta dama duk masu ƙirji ne. Ta ƙara da cewa zaman banza ya fi komai kashe mace, ita taimakon Goggo take yi da ta ba ta abin yi. Ta faɗi haka tana tsaye nesa da ƙofar ɗakin, ta toshe hancinta da gefen mayafi.

Da na ga haka na tare Dokta da kansa wata safiya yana goge gilashin mota. Muka gaisa, ya tambayi 'yan biyuna. Na ce masa tarin ƙanwarsa ya fara hana ni ɗinki, kuma ɗakin nan ne yake cin ta.

Bai ɓata rai ba. Murmushi ya yi, irin wanda nake jin yana yi wa lauyoyi.

“Maman 'yan biyu, kin auna iskar ɗakin?”

Na ce a'a.

“Kin ga hoton ƙirjinta?”

Na ce ban gani ba.

“To a kan me kika dogara?”

Na ce a kan kunnena da hancina. Ya ce kunne da hanci ba hujja ba ne, shi abin da bai auna ba, ba ya magana a kansa. A kujerar bayan motar kuwa ga na'urarsa ta auna iska a ajiye, 'yar ƙarama kamar rediyo, wadda yake yawo da ita masana'antun mutane. Na nuna ta na ce to ga abin awo nan, ɗakin ma ga shi nan. Ya ce wannan kayan aikin kotu ne, duk abin da ta auna tana adanawa, ba a wasa da ita a gida. Ya shiga mota ya tafi. A nan na gane mutumin. Ba zai auna ba, domin in ya auna ya sani, in kuwa ya sani za a iya rantsar da shi a kai. Raina ya ɓaci har ranar na ɗinka wa wata hannun riga a baibai.

A wannan tsakanin ne ya samu wata babbar shari'a. Wani mai shara ne a wata masana'anta aka sa shi wanke tanki a rufaffen ɗaki, ya shaƙi hayaƙin kulorin, huhunsa ya lalace. Iyalinsa suka yi ƙara, lauyansu ya ɗauko Dokta. Dokta yana da al'ada, kafin ya shiga kotu sai ya yi gwajin maganarsa a falo, Madam ta zama lauya tana jefa masa tambayoyi. Wata rana da yamma na je gwada wa Madam riga na tarar ana yi. Goggo tana zaune a bakin ƙofar falo tana manna takarda a jikin robobi.

Gaskiya mutumin ya iya magana. Ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a baya, ya yi bayani dalla-dalla yadda ko ni na gane. Ya ce in bilic ya haɗu da asid hayaƙin da yake fita ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai aiki yake sunkuyawa. Ya ce ido ne yake fara ja, sai murya ta dishe, sai tari, sai mutum ya kasa hawa matakala. Ya ce takunkumin takarda ƙura yake tarewa, bai san hayaƙi ba. Madam ta tambaye shi da muryar lauya ko zai yiwu mai masana'antar bai sani ba.

Dokta ya ce, “Ya mai shari'a, duk wanda ya san sinadari, ya sa mutum wannan aiki a ɗakin da ba taga, ya san abin da yake yi. Wannan ba tsautsayi ba ne.”

Madam ta tafa masa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, ina ta soka allura a inda bai kamata ba. Goggo ta daina manna takarda tuntuni, roba na hannunta.

“Yaya,” ta ce a hankali, “shi mutumin, zai warke?”

Dokta ya shiga tattara takardunsa, ya ce wannan tambayar likita ce, ba fanninsa ba. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, shi wancan nasa daban ne, masana'anta ce, ba a haɗa ta da ɗan aikin gida. Madam ta ce wa Goggo ta kwashe robobin nan daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe.

Ranar da abin ya faru, wani otal ne ya yi babbar oda, famfo kuma ya ɗauke tun safe. Wajen hantsi na ji tari, na ji bokiti ya faɗi, sai kuma ban ji komai ba. Shirun ne ya tayar da ni. Na zaga da gudu ko takalmi babu. Na tarar Goggo ta rarrafo ta turo ƙofa, rabin jikinta a waje, leɓenta ya yi baƙi, ƙirjinta yana wata ƙara. Warin da ya biyo ta sai da ya sa ni hawaye. Na ja ta zuwa tsakar gida na ce a nemo mota.

Madam ta fito tana waya da Dokta. Ta ce a dakata, sai an yi mata wanka an sauya mata kaya tukuna, don kada a je asibiti da wannan warin. Na ce mace na neman numfashi ke kina neman zani? Ta miƙo min wayar. Muryar Dokta a natse take. Ya ce in kai ta, Allah ya saka min, amma in an tambaya a ce hayaƙin girki ne da tsohuwar asma. Ya ce ni ban sani ba, amma duk abin da aka rubuta a katin asibiti lauya yana iya sa a karanto shi a gaban alƙali. Ya ce yana tsakiyar shari'a, in aka taɓa sunansa yanzu, wancan bawan Allah da iyalinsa ne za su tashi a tutar babu. Har ya kashe wayar bai tambayi ko tana numfashi ba. Sai da Madam ta cire mata riga ta sa mata wata sannan muka fita.

A asibiti suka sa mata robar iska a hanci, suka ɗauki hoton ƙirji. Da ta ɗan dawo hayyacinta likitar ta zo, wata mace mai gilashi wadda ba ta da yawan magana. Ta duba yatsun Goggo, ta sunkuya ta shinshina gashinta, wanda Madam ta mance da shi. Ta tambaye ta aikin me take yi. Goggo ta ce aikin gida.

Likitar ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ta san asma, ta san hayaƙin girki, wannan ba ko ɗaya ba ne. Ta ce abin da ya ƙone a huhun ya riga ya ƙone, wanda ya rage shi ake lallaɓawa, kuma in ta koma inda ta shaƙi wannan abu, wata rana ba za a iso da ita asibiti ba.

“Ko wane ne ya sa ki wannan aikin, kina da haƙƙi a kansa,” in ji likitar. “Ki gaya min gaskiya in rubuta. Akwai wani masanin sinadarai da kotu take jin maganarsa, shi ne yake tsaya wa mai sharan masana'antar nan. Mutumin kirki ne, ba ya ƙyale irin wannan. Zan iya haɗa ki da shi.”

Na buɗe baki, Goggo ta damƙe hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta juya fuskarta bango.

“Girki nake yi, likita. Hayaƙin girki ne.”

Likitar ta ɗauki biro ta rubuta abin da aka gaya mata.

Kafin a sallame ta Dokta ya ci shari'arsa, kotu ta ce a biya mai sharan diyya. Da Goggo ta dawo gida, abin da ya fara tambayarta shi ne me ta ce wa likita. Da ta gaya masa ya ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aka sayo mata 'ya'yan itace.

Bayan 'yan kwanaki matar mai sharan ta zo godiya da surukarta. Ina gidan, na kai wa Goggo wani zani da na ɗinka mata. Matan suka zauna a ƙasa duk da an nuna musu kujera, suna ta sa wa Dokta albarka, suna cewa ba don shi ba da haƙƙinsu ya tafi a banza. Goggo ce ta kawo musu ruwa. Tana ajiye tiren tari ya sarƙe ta, ta dafa bango. Matar mai sharan ta bar godiyar da take yi, ta juyo tana kallonta.

“Baiwar Allah, tun yaushe kike wannan tarin? Haka na maigidana ya fara.”

Madam ta yi caraf ta ce mura ce, ƙanwar maigida ce, ba ta jure sanyi. Matar ta ce to ai da sauƙi tunda a gidan masani take. Dokta ya ɗauki kofinsa ya sha ruwa.

Oda kuwa ta taru, masu otal suna ta waya. Madam ta gwada ɗauko 'yar aiki daga waje, Dokta ya hana, ya ce bare baki gare shi, sana'ar nan ba ta wuce 'yan gida. Na tambaye shi tagar fa, tunda an gama shari'a. Ya ce masana'antar ta ɗaukaka ƙara, yanzu ne ma ake sa masa ido, a ƙara haƙuri. Sai Madam ta kawo shawararta a gaban Goggo, da murya mai daɗi kamar abin alheri take faɗa. Ta ce Goggo ta huta abinta, ai an kusa hutun makaranta, 'yarta za ta dawo. Yarinya ce mai ƙarfi, huhunta sabo, in an nuna mata sau biyu za ta iya. Ta ce ita ma ya kamata ta san ana wahala kafin a biya mata makaranta. Dokta yana wurin, yana duba waya.

Na ja Goggo ɗakina na ce ta kwaso kayanta ta dawo wurina, ko tabarma ce ma shimfiɗa, in koya mata ɗinki. Ta ce yarinyar fa, shekara ɗaya ta rage mata ta gama, in ta bar gidan wa zai riƙe karatun? Na ce to ta kai ƙara. Ta dube ni kamar na yi zancen yara.

“Maman 'yan biyu, Yayana ne. Shi ya buɗe min ƙofa ranar da kowa ya rufe. Kuma in na kai ƙara, wa za a kira ya auna ɗakin?”

Na zauna ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Yarinyar ta dawo hutu, doguwa, mai fara'a, tana ta ba uwarta labarin jarrabawa. Washegari da safe ina shirin buɗe keke na ji ƙarar katako yana juyawa a cikin durom. Na ce shi ke nan, sun saka yarinya. Sai na ji tarin, na san mai shi. Can kuma na ji ana buga ƙofa.

Na zaga. Yarinyar ce tsaye a bakin ɗakin haɗi, ta ɗaure zani sama kamar yadda Madam ta nuna mata, tana bugawa da tafin hannu. Ƙofar a sakale take ta ciki.

“Umma, ki buɗe mana. Anti ta ce ni zan yi yau, ke ki kwanta.”

Daga ciki Goggo ta ce, tana yanke maganar tana nemo iska, yarinyar ta koma ɗaki ta ɗauki littafinta, kuma kada ta ƙara tsayawa kusa da ƙofar nan. Yarinyar ta ce ba inda za ta. Ta durƙusa ta kai fuskarta ƙasan ƙofar, inda akwai 'yar tazara tsakanin katako da siminti, tana kiran uwarta. Warin ya buge ta, ta yi tari sau ɗaya.

Juyin katakon ya tsaya. Na ji takun Goggo ta matso. Na zaci sakatar za ta zare, har na riƙe hannun yarinyar don in ja ta gefe. Sai muka ga tsumma yana leƙowa ta ƙasan ƙofar, ana cusa shi da yatsu, daga wannan gefe har zuwa wancan. Wannan 'yar tazarar ita kaɗai ce ta rage wa ɗakin da iska take shiga.

Madam ta leƙo daga falo ta ce tunda uwar ta ji sauƙi a bar ta, yarinya ta zo ta wanke robobi. A ciki katakon ya ci gaba da juyawa.